Tarihin Gyaran Harshe a Ingila da Gardamar Aikatau na Tsammani

Turanci yana da aikatau, wato kalmomin da ke nuna aiki a cikin jimla, guda uku waɗanda ake amfani da su wajen maganar abin da bai riga ya faru ba, su ne "hope" da "expect" da kuma "anticipate". Na farkon yana nufin fata, na biyun tsammani, na ukun kuwa shi ne malaman Ingila suka daɗe suna ja-in-ja a kan ma'anarsa da kuma yadda ya kamata ya zauna a jimla. Tarihin wannan gardama reshe ne na tarihin wata al'ada da ta yi ƙarfi a Ingila har ta zama sana'a, wato al'adar rubuta littattafai domin yanke hukunci a kan abin da yake daidai da abin da yake kuskure a bakin jama'a.

Kalmomin uku ba lokaci ɗaya suka shigo harshen ba. "Hope" ta samo asali ne daga tsohon Turanci, tun kafin Normandawa su ƙetaro daga Faransa su ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sauran biyun kuwa baƙi ne da aka aro daga harshen Latin a ƙarni na 16. A wancan zamani, bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a shekarar 1476, masu fassara da marubuta sun yi ta kwaso kalmomin Latin suna cusawa cikin Turanci, domin a ganinsu harshen nasu bai da wadatar da za ta ɗauki ilimin magabata. "Expect" ta fito ne daga kalmar da ke nufin zuba ido a waje ana jiran mai zuwa, ita kuwa "anticipate" an haɗa ta ne daga saiwoyi biyu, ɗaya mai ma'anar kafin, ɗaya mai ma'anar kamawa, don haka asalin ma'anarta ita ce rigaya, wato mutum ya kama abu tun kafin lokacinsa ko kuma ya riga wani yin abin da yake shirin yi.

A Faransa akwai majalisar kula da harshe wadda aka kafa a shekarar 1635, amma Ingila ba ta taɓa samun irinta ba, duk da cewa marubuci Jonathan Swift ya yi kira da a kafa ta a shekarar 1712. Rashin wannan hukuma shi ya bar fagen a hannun ɗaiɗaikun malamai, kowa ya rubuta littafinsa, kasuwa kuma ta zaɓi wanda za a bi. Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a shekarar 1755, Robert Lowth, malamin addinin Kirista wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya wallafa taƙaitaccen littafin nahawu a 1762, sannan Lindley Murray, haifaffen Amurka da ya zauna kusa da birnin York, ya fitar da nasa a 1795, wanda aka yi ta sake bugawa ana karantar da shi a makarantun Ingila da Amurka shekaru masu yawa. Malaman wancan zamani sun tashi ne da karatun Latin, saboda haka da yawansu suka ɗauki asalin kalma a matsayin alƙalin ma'anarta, suna ganin duk wanda ya kauce wa asali ya yi ɓarna. Sai dai tun a cikin wannan ƙarni na 18 marubuta sun riga sun fara amfani da "anticipate" da ma'anar tsammani kawai, ba tare da wani aiki na rigaya a ciki ba, wato abin da za a zo a kira kuskure daga baya ya girmi dokar da ta hana shi.

Wanda ya fi kowa tasiri wajen tsaurara dokar shi ne Henry Watson Fowler, tsohon malamin makaranta da ya koma aikin ƙamus, wanda littafinsa mai suna A Dictionary of Modern English Usage ya fito a shekarar 1926. Bayansa sai Ernest Gowers, babban ma'aikacin gwamnati da Baitulmalin Birtaniya ya nemi ya rubuta jagora ga ma'aikata kan rubutu mai sauƙi, ya fitar da Plain Words a 1948, kuma shi ne ya yi wa littafin Fowler kwaskwarima a 1965. Matsayin Fowler da Gowers shi ne cewa "expect" aikin zuciya ne kawai, ita kuwa "anticipate" sai an haɗa da ɗaukar mataki. Manomin da ya dubi gabas ya ga hadari ya ce yau za a yi ruwa, tsammani ya yi, kuma "expect" ce kalmarsa. Wanda kuwa ya hau jinka ya gyara ta, ya kwashe hatsin da ya shanya a tsakar gida tun kafin ɗigon farko ya sauka, shi ne ya cancanci "anticipate", domin abin da ya yi rigakafi ne. Damuwar Gowers da irinsa tana da tushe, domin ma'aikatan ofis sun kasance suna fifita doguwar kalma a wasiƙunsu don a ga kwarjini, har guntuwar kalmar da kowa ya sani ta zama abin rainawa, bambanci mai amfani kuma ya soma dushewa.

Sauyin da ya fi amfanar masu koyo ya faro ne daga Japan, inda wasu malaman Turanci 'yan Ingila suka gane cewa ɗaliban da Turanci ba harshen uwarsu ba ne ba su cika tuntuɓe a kan ma'ana ba kamar yadda suke tuntuɓe a kan ginin jimla. Harold Palmer ya jagoranci wata cibiyar bincike kan koyar da Turanci da aka kafa a Tokyo a shekarar 1923, kuma abokin aikinsa A. S. Hornby ya ci gaba da aikin har ya fitar da ƙamus na musamman domin masu koyo a 1942, wanda madaba'ar jami'ar Oxford ta sake bugawa a 1948. Hornby ya karkasa aikatau na Turanci zuwa tsare-tsare 25, yana nuna irin kalmar da ke iya bin kowane aikatau. A nan ne bambancin da ba ya jawo gardama ya fito fili. "Expect" tana karɓar "to" tare da aikatau a bayanta, kamar a ce "we expect to arrive on Friday", wato muna tsammanin isa ranar Juma'a, kuma tana iya ɗaukar karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, kafin "to" ɗin. "Anticipate" kuwa ba ta karɓar wannan gini a daidaitaccen Turanci, sai dai suna ya biyo ta, ko aikatau mai ɗafa-ƙeyar "ing" wanda ke aiki a matsayin suna, kamar a ce "we anticipate arriving on Friday", ko kuma ganga, wato ƙaramar jimla, mai farawa da "that". Haka ma furucin "look forward to", mai nuna ɗoki, yake buƙatar suna ko aikatau mai "ing" a bayansa, kuma har yau wannan wuri ne da masu rubuta wasiƙar neman aiki suke yawan zamewa.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 masana suka koma tattara ainihin abin da mutane ke faɗa da rubutawa kafin su yanke hukunci. Randolph Quirk ya kafa shirin nazarin yadda ake amfani da Turanci a jami'ar Durham a shekarar 1959, a jami'ar Brown ta Amurka aka haɗa rumbun kalmomi kimanin miliyan ɗaya daga rubuce-rubucen da aka buga a 1961 aka zuba a kwamfuta, sannan a 1987 aka fitar da ƙamusun COBUILD a ƙarƙashin jagorancin John Sinclair na jami'ar Birmingham, wanda aka gina shi kacokan a kan irin wannan rumbu. Binciken ya tabbatar da cewa amfani da "anticipate" da ma'anar tsammani ya zama ruwan dare har a rubutun masana, shi ya sa manyan ƙamusoshin yau suke kawo ma'anonin biyu a matsayin karɓaɓɓu, alhali dokar ginin jimla da Hornby ya bayyana tana nan daram.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin Turanci ya shigo ta ne ta ƙofar makarantar boko da jarrabawa, tun daga makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, zuwa Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, har zuwa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952, kuma ƙamusun Hornby yana cikin littattafan da ɗalibai da malamai suka fi dogara da su. Ɗalibin da ya san cewa wasu dokokin nahawu ra'ayin malaman wani zamani ne, wasu kuwa ginshiƙan harshen ne da ba a ƙetare su, zai san inda ya kamata ya zuba ƙarfinsa. Wajibi ne ya kiyaye ginin jimla, domin kuskure a nan kowane mai jin Turanci zai gane shi, kuma yana da kyau ya riƙe bambancin da Fowler da Gowers suka kare a rubutun shari'a da na mulki da na kasuwanci, inda ake buƙatar a san ko hukuma ta yi tsammanin matsala ne kawai ko kuwa ta yi mata tanadi tun kafin ta auku.