Addu'a da Nufin Allah a Koyarwar Kirista

A koyarwar Kirista, addu'a ba ta tsaya ga roƙon biyan buƙata ba, hanya ce da mai bi ke miƙa son ransa ga nufin Allah. Tushenta yana cikin Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa (Matiyu 6:9-13, Luka 11:2-4), inda roƙon cikar nufin Allah a Matiyu ya riga roƙon abincin yini da gafara. Misalin da aka fi kawowa shi ne daren Getsamani: Yesu ya roƙi a kawar masa da wahalar da ke tafe, amma ya bar zaɓi ga Uba.

Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya yi wa wata gwauruwa mai suna Proba bayani kan addu'a a wasiƙa wajen shekarar 412. A ganinsa Allah ya riga ya san buƙatar bawansa, addu'a kuwa tana faɗaɗa zuciyar mai roƙo ne har ta iya karɓar abin da za a ba ta. Shi ma Ignatius na Loyola, domin neman nufin Allah, ya tsara wa mabiyansa binciken zuciya na kullum a littafinsa da aka buga a 1548.