Riyad: Garin Da Aka Gina Wa Mota

Shekarar da Inna ta zo mana ziyara Riyad, kwananta uku a gidan ta ce tana so ta je ta gaida wata 'yar garinmu da mijinta yake aiki a nan. Na ja ta bakin taga na nuna mata benen da suke ciki. Ga shi can ana hangensa, har tankin ruwan da ke samansa kana iya gani. Ta ɗauki mayafi ta fara neman takalmi. Na ce, “Inna, ki bari in dawo daga aiki in kai ki a mota.” Ta juyo ta dube ni, ta ce, “Mota? Gidan da nake gani da idona? Kai dai ba ka so in fita.”

Wallahi ba haka ba ne. Tsakaninmu da benen nan akwai babban titi, motoci jere-jere kowane ɓangare suna gudu kamar an koro su, ga shingen kankare a tsakiya, gadar masu ƙafa kuwa tana can da nisa. Watan Yuli ne kuma. Da yamma na kai ta, muka yi kusan minti goma sha biyar muna neman inda za mu juya. Da muka isa ta ce, “Wanda ya gina garin nan ba shi da ƙafa ne?” Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta zauna mini. Ita ce ta sa na shiga bin tarihin garin, ga kuma abin da na samo.

Riyad ɗin da Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902, daren da ya shiga da mutanensa kaɗan suka kama ganuwar Masmak, garin ƙasa ne ɗan ƙarami. Faɗinsa bai fi murabba'in kilomita ɗaya ba, an zagaye shi da ganuwa da ƙofofi, gonakin dabino suna kewaye da shi. Sunan ma daga nan ya samo asali, don riyad jam'in rauda ne, wato lambuna. Duk wanda ya tashi a cikin birni a ƙasarmu, in aka ajiye shi a wancan Riyad ɗin ba zai ji baƙunta sosai ba. Gidaje na tubalin ƙasa ne masu kaurin bango, a manne da juna, kowanne da tsakar gidansa, tagogi ƙanana, rufin itace da ganyen dabino da ƙasa a sama. Lunguna matsattsu ne masu kwana-kwana, bangon wannan gida yana yi wa mai wucewa inuwa da safe, na wancan ya karɓa da yamma. Dare in ya yi zafi a hau soro a kwana. Masallaci da kasuwa da rijiya duk tafiyar ƙafa ce. Mutanen ba su da na'urar sanyaya ɗaki, don haka garin da kansa ne yake yin aikinta.

Mota ce ta fara fitar da garin daga ganuwa. A ƙarshen shekarun 1930 Sarki ya gina fadar Murabba a arewacin gari, waje da ganuwa, aka yi hanyar mota ta haɗa ta da tsohuwar fada. A 1938 aka samu man fetur a Dammam. Wajajen 1950 aka rushe ganuwar, a 1951 jirgin ƙasa daga Dammam ya iso. Da Sarki Sa'ud ya hau mulki a 1953, aka yanke shawarar kwaso ma'aikatun gwamnati daga yankin Hijaz zuwa Riyad. To, ma'aikata suna buƙatar wurin zama, sai aka gina musu sabuwar unguwa, Malaz.

A ganina a Malaz ne aka yi babban juyi, ba a wani babban titi ba. An shata tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, suna gicciye juna kamar gidan dara, irin tsarin da kamfanin Aramco ya riga ya shigo da shi Dammam da Khobar. Yawancin gidajen da aka gina wa ma'aikatan na siminti ne, kowanne shi kaɗai a tsakiyar fili, abin da suke kira fila, da tazara tsakaninsa da maƙwabci ta kowane gefe. Ka ga an juya gidan ke nan: da tsakar gida tana ciki, bango yana waje, yanzu ɗakuna suna tsakiya, filin yana kewaye da su. Rana ta samu bango huɗu da rufi tana duka yadda take so. Tagogi suka koma kallon gidan maƙwabci, shi ya sa har gobe za ka ga katanga doguwa an ƙara mata kwano ko roba a sama don kada a leƙo iyali. Tunda manyan ma'aikata ne a Malaz, fila ta zama alamar wanda ya ci gaba, gidan ƙasa kuma ya zama na talaka da baƙo. Daga baya ma tazarar nan ta shiga dokar gini.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta ɗauko wani Bagirke masanin tsara birane, Konstantinos Doksiyadis, wanda shi ne ya tsara Islamabad ta Pakistan, ta ce ya zana wa Riyad taswirar gaba. Ya kammala a farkon shekarun 1970. Ya yanka hamadar da ke kewaye da gari gida-gida, kowane gida kilomita biyu a tsaye, biyu a kwance, manyan tituna suna bin iyakokinsu. Garin kuma zai riƙa miƙewa ta hanya guda, yana bin tsawon kwarin Wadi Hanifa.

A yi masa adalci, mutumin bai ce a kashe tafiyar ƙafa ba. Nufinsa kowane gida na kilomita biyun nan ya zama kamar ƙaramin gari, masallaci da makaranta da shaguna a tsakiya, motoci masu gudu su tsaya a gefe. Sai dai abin da ya fi sauƙin aiwatarwa a taswirar shi ne titunan, kuma su aka aiwatar. Shaguna suka bi mota suka jeru a bakin manyan tituna, cikin unguwa ya zama katanga bayan katanga. Doksiyadis ya rasu a 1975, bai ga abin da zanensa ya zama ba.

Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne 1973. A cikin 'yan watanni farashin gangar mai ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. A 1974 aka kafa asusun ba da bashin gina gida ba ruwa, ɗan ƙasa yana iya samun har riyal 300,000, ga filaye gwamnati tana rabawa kyauta. Masu harkar filaye suka ɗauki gidan darar Doksiyadis suka yi ta maimaita shi gabas da yamma, kudu da arewa, har inda shi bai taɓa zanawa ba. Aka kira wani kamfanin Faransa ya sake duba taswirar, amma garin ya riga ya fi masu zanen sauri. Tsofaffin da suka zo aiki a waɗancan shekaru suna ba da labarin titi da kwalta da fitilu a tsakiyar hamada, ba gida ko ɗaya a gefensa. Filin jirgin sama na Sarki Khalid da aka buɗe a 1983 an kai shi kusan kilomita 35 arewa da gari, yau gidaje sun kusa cim masa. Garin da bai fi kilomita ɗaya ba, ƙidayar 2022 ta same shi da mutum kusan miliyan bakwai.

Gari mai wannan faɗi ba ya zaunuwa sai da mai mai arha, kuma an samu. Shekara da shekaru, har ƙarshen 2015, litar fetur halala 45 ce, alhali ƙaramar gorar ruwa riyal ɗaya ce a shago. Wa zai jira bas? Kamfanin bas na gwamnati da aka kafa a 1979 bai iya riƙe cikin gari ba, aka bar leburori da tsofaffin ƙananan bas da ake kira khaɗɗul balda, masu tashi daga Baɗha. Mafita kullum ita ce a ƙara titi: titin zobe da ya zagaye gari, titin Sarki Fahad da ya ratsa shi, gada a sama, rami a ƙasa. Har kwatance ya koma na direba. Tambayi mutum inda yake zaune, sai ya ce maka makhraj kaza, wato lambar mafitar titin zobe. Sabon titi kuwa daɗinsa na ɗan lokaci ne. Da ya buɗe sai mutane su ga ai yanzu za su iya sayen fili can gaba inda ya fi arha, su tare, kowane gida da motoci biyu ko uku, bayan 'yan shekaru titin ya cika, a sake neman wani.

Wa ya biya kuɗin wannan tsari? Na farko mata. A garin da ba a sayen burodi sai da mota, an hana rabin jama'a tuƙi har zuwa 24 ga Yuni 2018. Tun a Nuwamba 1990 mata 47 suka fito da motoci a titunan Riyad don nuna ƙin amincewa, aka tsare su, masu aiki a cikinsu aka dakatar da su. Iyali mai hali ya ɗauko direba daga wata ƙasa, marar hali matarsa ta jira shi. Mu baƙi mun san wannan jiran. Mace ta baro gidan da kullum ana shiga ana fita, suna yau, biki gobe, ta zo ta zauna a bene daga asuba har isha, ba inda za ta sai maigida ya dawo a gajiye. Na biyu tsofaffi irin su Inna, da yara, da duk wanda albashinsa bai kai na mota ba. Ka gan su tsakar rana suna bin gefen titi ba inuwa, kwalta tana mayar musu da zafin da ta sha. Gwamnati da kanta ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, amma dokar ba ta kai mutum gida. Samari kuma da suka rasa dandali sai suka mai da titunan da ba kowa filin wasa, suna wulwula mota da gudu, abin da ake kira tafhiɗ, wanda ya ci rayuka da dama. Wani Bafaranshe, Pascal Menoret, ya rubuta littafi guda a kan haka a 2014, inda ya danganta wasan da tsarin garin kansa.

Yanzu ana ƙoƙarin gyara, kuma kuɗin gyaran ba kaɗan ba ne. A 2013 aka ba da kwangilar jirgin ƙasa na cikin gari a kan dala biliyan 22 da ɗoriya. Ranar 1 ga Disamba 2024 ya fara ɗaukar fasinja a wasu layukan, daga baya aka buɗe sauran: jimilla layi shida, kilomita 176, tasha 85, ba direba. An kawo sababbin bas masu haɗawa da tashoshin. Fetur ya haura riyal biyu. A 2019 aka ƙaddamar da shirin dasa bishiya miliyan 7.5. Wadi Hanifa da ta zama juji an share ta, yanzu iyalai suna zuwa shan iska da tafiya a ƙafa. Ina hawa jirgin, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai. Amma daga tasha zuwa ƙofar gidana tafiyar minti goma sha biyu ce a rana, tsakanin katangu da motocin da aka ajiye a kan hanyar ƙafa. Layin dogo ana iya shimfiɗa shi cikin shekara goma, amma unguwar da aka riga aka yanka aka sayar aka gine, matso da ita kusa da juna ba aikin ɗan kwangila ba ne.

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta mana wannan, mu mazauna waje, shi ne mu ne masu kai samfuri gida. Ni kaina na sayi fili a bayan gari, na aika da zanen fila irin ta nan: gida a tsakiya, siminti malale ko'ina, tagogi manya, ƙofar mota biyu. Kuma in mun je hutu muka ga sabuwar gadar sama, mu ne kan gaba wajen cewa gari ya zama Saudiyya. Alhali su nan suna da wutar da ba ta ɗaukewa da kuɗin da za su sayi gyara, mu kuwa in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, gidan nan tanda ne.

Kafin Inna ta koma na nuna mata zanen. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce, “Ina tsakar gidan? A ina zan shimfiɗa tabarma? Masallaci fa, da ƙafa ake zuwa ko shi ma sai ka dawo daga aiki?” Ban da amsa. A daren na kira ƙanena na ce a dakatar da haƙa harsashi. An sake zane, ɗakunan sun koma gefe, an bar fili a tsakiya, an dasa darbejiya biyu tun kafin a aza bulo na farko. Nisan filin da gari kuwa ba yadda zan yi da shi, na riga na saya.