Kayan murhun Turawan dā: daga awartaki zuwa dokar hana fita

Kafin zuwan gas da lantarki, murhun da ake ginawa a jikin bango shi ke ɗumama gidajen Ingila da Faransa da hunturu, kuma yana da kayan aikinsa: ƙarafa biyu masu ƙafafu da ake ɗora itace a kansu don iska ta ratsa ta ƙasa, da awartakin ɗaukar garwashi, da shebur na kwashe toka, da zugazugi. Sandar tona wuta ta ƙara daraja ne bayan kwal ya maye gurbin itace a biranen Ingila, domin kwal yakan dunƙule, sai an farfasa shi.

Na talaka baƙin ƙarfe ne zalla. Masu hali kuwa sukan sa a yi musu na tagulla, kuma a fadar Ham House da ke kusa da Landan akwai waɗanda aka yi wa ado da azurfa tun shekarun 1670, waɗanda an yi su ne don idon baƙi.

Hukuma ma ta sa ido a kan murhu. Daga 1662 zuwa 1689 Ingila ta karɓi harajin sule biyu a shekara kan kowane murhu, har masu karɓa na shiga gidaje suna ƙirgawa, abin da ya harzuƙa jama'a.

Akwai kuma murfin ƙarfe da ake kifawa kan garwashi da dare. Faransawa na kiransa couvre-feu, wato "rufe wuta", sunan da ake kiran ƙararrawar da ke umartar mutanen gari su rufe wutarsu don gudun gobara. Daga nan Faransanci da Ingilishi suka samo sunan dokar hana fita.