Allurar da Take Tsalle: Tarihin Ma'aunin Gudu a Tsofaffin Baburan Ingila

Wanda ya fara hawan tsohon babur ƙirar Triumph ko BSA na shekarun 1950 yakan lura cewa allurar ma'aunin gudu ba ta tafiya a sulale. Takan tsaya, ta zabura, ta sake tsayawa. Da yawa sukan ɗauka lalacewa ce, su kwance na'urar, su ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Alhali haka aka ƙera ta.

Asalin wannan ɗabi'a yana cikin sana'ar agogo. Kamfanin Smiths, wanda ya ƙera galibin waɗannan na'urori, ya fara ne a Landan a 1851 a matsayin shagon agogo na Samuel Smith. A 1927 ya sayi kaso mafi tsoka na reshen Landan na kamfanin Jaeger na Faransa, ya gaji samfurin da ake kira Chronometric. Cikinsa tamkar agogo yake: kebul yana kawo juyin ƙafar babur, wani ɗan inji kuma yana ƙidaya juyin a cikin ƙayyadadden lokaci, ya ajiye allura a kan sakamakon, sannan ya sake ƙidaya. Kowace zabura sabon lissafi ce.

Doka ce ta mayar da na'urar dole. A 1935 Birtaniya ta ƙayyade gudun mil 30 a awa a cikin gari, daga 1937 kuma aka wajabta ma'aunin gudu a sababbin ababen hawa. Daga baya ta zama abin alfahari: babur ɗin Vincent Black Shadow na 1948 ya fito da ma'auni mai faɗin inci 5 wanda lambobinsa suka kai mil 150.

Amma akwai wata fasaha mai rahusa, wadda Otto Schulze ya yi wa rajista a Jamus tun 1902. A cikinta maganaɗisu ne yake juyawa kusa da wani ɗan kofin alminiyom, ya ja shi, siririn sifirin kuma yana riƙe allura. Zuwa tsakiyar shekarun 1960, masu ƙera babura a Ingila sun koma kanta.

Wannan sauyi ya shafi gyara. Zoben da ke riƙe gilashin Chronometric da zare ake ɗaura shi, saboda haka ana iya buɗewa, a wanke busasshen mai, a sa sabo, a mayar. Na mai maganaɗisu kuwa lanƙwasa shi aka yi a jikin gwangwanin, don an yi shi ne a canza idan ya mutu.

Saboda haka ƙwararren mai gyara yakan fara tantance wane iri ne a hannunsa. Zabura a Chronometric alamar lafiya ce. Rawar allura a mai maganaɗisu kuwa yawanci kebul ne ya lanƙwashe ko ya bushe. Idan allurar ba ta motsi sam, sai a duba kebul da ɗan giyar da ke juya shi kafin a taɓa na'urar. Idan kuma tana nuna gudun da ba daidai ba, a duba girman taya, domin an daidaita kowane ma'auni da adadin juyin kebul a mil guda.