Daga Yayen Maigida Zuwa Lasisi Mai Wa'adi: Tarihin Sana'ar Wayarin a Kano

A Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Unguwa Uku, idan maigini ya tashi ja wa gidansa wutar lantarki, abin da yakan tambaya shi ne: "Yaron wa ne? A hannun wa ya koya?" Da wuya a ji ya ce a nuna masa takarda. Amma takardar tana nan, doka ta san da ita, kuma tarihinta yana tafe kafaɗa da kafaɗa da tarihin lantarki a ƙasar nan.

Lantarki ya fara haska Legas a 1896. Kano ta samu nata a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da hukumar En'e ta yi aikin ruwan famfo da wuta daga Challawa. A wancan zamani gidajen da ke da wuta ƙalilan ne, masu taɓa waya kuma ma'aikatan hukuma ne da aka horar bisa ƙa'idojin Ingila, waɗanda injiniyoyin can suka fara bugawa tun 1882. Daga nan aka kafa hukumar lantarki ta ECN a 1950, aka kammala madatsar Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA, sunan da har gobe bai bar bakin Kanawa ba.

Shekarun arzikin man fetur su ne suka sauya lissafi. Birni ya fashe ya fito waje da ganuwa, aka yanka filaye a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, aka gina rukunin gidajen Kundila, daga baya Asibitin Malam Aminu Kano ya zauna a kan Titin Zariya. Kowane sabon gini yana neman mai ja masa waya, ma'aikatan hukuma kuwa ba za su wadatar ba. Sai sana'ar ta rabu gida biyu. Wasu suka bi ta makarantun koyon sana'a, suka ci jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai hawa uku, daga aji na uku zuwa na ɗaya, suka nemi lasisin wayarin daga sashen sufetocin lantarki na gwamnatin tarayya. Mafi yawa kuwa suka bi hanyar da Bahaushe ya sani: uba ya kai ɗansa wurin maigida, yaro ya fara da riƙon tsani da fasa bango, ya kai ga haɗa soket da ɗaura fis, ranar da maigida ya gamsu ya yaye shi da addu'a.

Hanyoyin biyu sun yi tarayya a abu guda: ana ɗauka cewa wanda ya iya, ya iya ke nan har abada. Kuma a lokacin akwai gaskiya a ciki. Gidan 1980 ƙwan fitila ne da fanka da rediyo, sai firji in mai gida yana da hali. Jar waya ita ce mai wuta, baƙa ita ce abokiyarta. Abin da yaro ya koya yana ɗan shekara 15 zai ci abinci da shi har furfura.

Zamani riga ne. Da wutar NEPA ta fara yin wuya, janareto ya shiga gidaje, ya zo da haɗarin da tsofaffin malamai ba su koyar ba: in ba a sa makunnin sauya layi yadda ya kamata ba, wutar janareto takan koma kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke bisa falwaya. A 2004 Ingila ta sauya launin wayoyinta, ruwan ƙasa ya maye gurbin ja, shuɗi ya maye gurbin baƙi, ga shi yau ana samun launukan biyu a bango ɗaya. NEPA ta koma PHCN a 2005, a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Jigawa da Katsina ga kamfanin KEDCO, mita mai kati ta yaɗu. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga masu amfani da ita 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, sai sola da inbata da batirin litiyam suka mamaye rufin gidaje da shaguna. Wutar sola da batir kuwa halinta dabam ne: hanya ɗaya take bi, kuma in ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, don haka makunni da fis ɗin da aka yi wa wutar NEPA ba lallai su tsare ta ba.

Irin wannan sauyi ne ya haifar da tunanin cewa lasisi ya zama mai wa'adi, kuma a ɗaura sabunta shi da ƙarin karatu. A Amurka ana sake fitar da kundin ƙa'idojin haɗa wuta duk bayan shekara uku, jihohi da dama kuma ba sa sabunta wa mai sana'a lasisi sai ya kawo shaidar sa'o'in da ya yi a aji. A Ingila kundin ya kai bugu na 18 a 2018, masu aikin kuma sukan koma su zauna jarrabawar sabon bugu.

Najeriya ma ta kama hanyar. A 2009 aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta NAPTIN, wadda ke da reshe a Kano. A 2015 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta fitar da sababbin ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta, a shekarar kuma doka ta kafa hukumar NEMSA, wadda ta gaji aikin tsofaffin sufetoci. Ita ce yanzu ke gwada masu haɗa wuta, ta ba su takardar shaidar ƙwarewa hawa-hawa, takardar da ake sabuntawa in wa'adinta ya cika. Majalisar injiniyoyi ta COREN, da aka kafa a 1970, aka kuma faɗaɗa ta a 1992 ta haɗa da masu aikin hannu, ta ɗaura sabunta lasisin injiniyoyi da halartar horo. Dokar Lantarki ta 2023 ta ƙara buɗe ƙofa, domin ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu.

Sai dai yawancin wannan tsari ya tsaya ne a kan 'yan kwangila da masu takardun boko. Mutumin da ake buga wa waya da daddare a Darmanawa a ce masa "Malam, soket yana hayaƙi", sau da yawa ɗan yaye ne, gwani a hannu, amma ba wanda ya taɓa kiransa aji. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai: darussan da Turanci ake yinsu, da kuɗi, kuma a ranakun da yake neman na cefane.

Gyaran bai fi ƙarfin Kano ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da makarantun sana'a suna da ɗakunan gwaji, ƙungiyoyin masu sana'ar sun san 'ya'yansu unguwa-unguwa. Abin da ya rage shi ne a shirya gajerun darussa da Hausa, da yamma ko a ƙarshen mako, a gwada mutum da aikin hannunsa, a ba shi shaidar da hukuma ta yarda da ita. A fara da iyayen gida, domin duk maigidan da ya koyi ɗaura sola daidai, yaran shagonsa sun koya. Masu gini kuma su riƙa neman ganin takarda, su duba ranar ƙarewarta, tun kafin a rufe waya da siminti.