Tukuba da Kalangu a Jos ta Da

Matasanmu na ganin cin gasasshen nama ana yi wa mutum kiɗa abu ne da aka koyo daga gidajen abincin Amurka. To, ba haka ba ne. Tun kafin a gina otal ko ɗaya a Jos, nama da kiɗa tare suke tafiya a wurin Bahaushe.

Kalangu ai gangar mahauta ce. In an yi yanka, makaɗi ne ke sanar da gari, yana kaɗa taken Sarkin Fawa da na yaransa, mai jin kiɗan ya san yau akwai nama mai kitse. Da kuza ta jawo iyayenmu daga Kano da Zariya da Bauchi, musamman bayan ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mahauta suka biyo leburori da wuƙaƙensu da makaɗansu. Dabba kuwa ba ta yi wuya ba, domin tudun nan ba shi da tsando, Fulani suka cika shi da shanu, har Turawa suka kafa ma'aikatar likitancin dabbobi a Vom a 1924.

Su Turawan kuza nasu daban ne. Suna da kulob ɗinsu, ga Hill Station da aka buɗe a 1938, a kawo wa mutum yanka guda a faranti ya zauna yana fama da wuƙa da cokali mai yatsu. Namu kuwa tukuba ce. A kafa tsinken tsire a kewaye wuta, ƙuli da yaji na ƙamshi, balangu na tsiyayar mai a takarda, sanyin Jos kuma ya tilasta kowa ya matso. Ni dai a ganina naman da bai sha hayaƙin itace ba, dafaffe ne kawai aka sake wa suna.

Nan Kwararafa abin ya fi armashi lokacin da silima ke tashe. A tashi daga kallon Indiya, a zarce wurin mai nama, maroƙi na gefe yana wasa duk wanda ya ga alamar aljihunsa da nauyi. Wani don kunya sai ya sayi abin da bai yi niyya ba, mu 'yan kasuwa mun san wannan dabara sarai! A irin wannan gari ne marigayi Ɗan Maraya, haifaffen Bukur, ya yi suna da kuntiginsa, yana yi wa talaka waƙa, har karen mota ya samu tasa. Ya rasu a watan Yuni 2015, Allah ya jiƙansa.

Rikicin 7 ga Satumba 2001 da dokar hana fita da ta biyo baya su suka karya hirar dare. Mutane suka koma sayen nama a ƙunshe su wuce gida da wuri, masu tukuba kuma suka ajiye rediyo a inda makaɗi ke zama.