Yadda Jiragen Yaƙi na Ruwa Suka Fara Aika Saƙo da Lantarki

Mu mutanen Azare da ƙasar Katagum mun san saƙon da ba na baki ba: in aka busa kakaki, kowa ya san Sarki ya fito. To, su ma jiragen sojan ruwa da 'yan'uwa ke hangowa a Apapa suna da irin nasu. Damuwarsu ɗaya ce: umarni ya isa yadda aka bayar, domin kuskure a teku asarar rayuka ne.

A cikin jirgi

Kyaftin yana can sama, masu inji suna can ƙasa cikin ƙara. Da farko ta bututu ake magana, ko a ja ƙararrawa. Daga baya aka samu tangarahun inji, wata na'ura mai fuska kamar agogo, an rubuta mata tsaya, a hankali, rabin gudu, cikakken gudu, gaba ko baya. A na lantarki, in aka murɗa hannun a sama, allura ta motsa a ƙasa, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa har sai mai inji ya kai nasa hannun daidai wurin. Wannan ita ce shaidar ya ji.

Tsakanin jirgi da jirgi

Da rana tutoci ake ɗagawa, amma da dare ba su da amfani. A shekarun 1890 sojan ruwan Amurka sun yi aiki da tsarin Ardois: fitilun lantarki ja da fari a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane haɗi da harafinsa. Sai fitilar Aldis, mai walƙiya gajere da dogo bisa tsarin Morse.

Saƙo ba waya

A 1899 sojan ruwan Ingila suka gwada na'urar Marconi a atisayensu. Ranar 27 ga Mayu, 1905, jirgin Japan mai suna Shinano Maru ya hango rundunar Rasha, ya aika labari ta iska. Japan ta shirya, ta ci yaƙin Tsushima.

A Najeriya

An kafa rundunar sojan ruwanmu a 1956. Shahararren jirginta, wanda aka ƙera a Jamus, sunan Hausa gare shi: NNS Aradu. Har yau sojan ruwa ba su yar da fitilar saƙo ba, saboda abokin gaba yana iya kama maganar rediyo daga nesa, amma hasken fitila sai wanda aka haska wa.